Abokaina suna da aiki, ni ina zaune: in ci gaba da neman su yi mini hanya?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, ina zaune a Kano da matata da 'yarmu ɗaya. Aikin akanta na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi, na yi shekara huɗu ina riƙe da lissafin sito da na bashin diloli. Bara aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Wata goma sha ɗaya ke nan ina zaune.

Abokan karatuna da dama Allah ya rufa musu asiri. Akwai mai aikin banki a Abuja, akwai mai aiki da ƙungiyar agaji a Maiduguri, wasu kuma suna ma'aikatun gwamnati. Na yi wa kusan goma magana, na ce don Allah in an samu wani abu a tuna da ni. Kowa ya ce in sha Allahu, in turo takarduna. Na tura, har yau shiru. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na bankin, aminina tun sakandare, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, ni ne babban abokin ango a bikinsa. Ina ganin alamar ya karanta saƙona a WhatsApp amma ba ya amsawa, kirana ma yanzu sai ya ga dama yake ɗauka.

Wani kuma ya ce mini akwai ofa a wata hukumar tarayya, amma sai an ba da naira miliyan biyu. Ina da fili da na gada daga mahaifina, har na fara tunanin sayar da shi, ban dai faɗa wa mahaifiyata ba.

Na daina zuwa majalisarmu saboda ina jin kamar kowa kallon maroƙi yake mini. Surukaina ba su san an sallame ni ba, kullum da safe sai in shirya in fita kamar mai zuwa ofis. Malam, abin da nake yi maula ce? In ci gaba da tuntuɓar su ko in kama kaina? Aminin nan in fita harkarsa? Ofar kuma in saya?

Daga Mai Neman Mafita, Kano

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yaye maka, ya musanya maka da abin da ya fi wanda ka rasa.

Ba maula kake yi ba. Mai maula abin hannun mutum yake nema, ya karɓa ya tafi. Kai kuwa ƙarfinka da iliminka kake tallatawa, duk wanda ya ɗauke ka zai biya ka ne a kan aikin da ka yi masa. Ka tuna Annabi Musa, alaihis salam, da ya isa Madyana baƙo, ba masauki ba sana'a. Ya shayar wa mata biyu dabbobinsu, ɗaya daga cikinsu ta koma gida ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi kuma amintacce. Yana nan a Suratul Ƙasas, aya ta 26. Bakin wani ne ya kai Annabin Allah ga aiki. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa idan mai buƙata ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan umarci sahabbai su sa baki a taimake shi, za su samu lada. A al'adarmu ma haka abin yake. Shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa ka tambayi yaran shago yadda suka samu wuri. Da wuya ka ji wanda ya shigo da ƙafarsa haka kawai aka miƙa masa makulli. Wani ne ya riƙo hannunsa ya ce, "Alhaji, wannan nawa ne, na tsaya masa."

Sallamar da aka yi maka ma ba abin sunkuyar da kai ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin da ya biyo baya, kuɗin dako da na shigo da kaya suka yi tashin gwauron zabi, mai saye kuma aljihunsa ya yi rauni. Kamfanin da rayuwarsa ta dogara da ɗaukar kaya daga sito zuwa kasuwa yana cikin waɗanda suka fara jin jiki. Ba a kore ka don ka ci amana ba. Riƙe wannan da kyau, domin shi ne babban jarinka a duk abin da zan faɗa.

To amma akwai gyara a yadda ka nema, kuma a nan nake so ka tsaya ka saurare ni. Ka ce wa abokanka, "In an samu wani abu a tuna da ni." Sa kanka a matsayin wanda aka faɗa wa haka. Gobe da safe ya isa ofis, me zai yi da wannan maganar? Wa zai samu, ya ce masa me? Wane irin aiki kake so, a wane gari, albashi nawa zai riƙe ka? Ba ka faɗa masa ba. Gaba ɗaya matsalarka ka ɗauka ka aza masa, daga nemo gurbin har shigar da kai. Mutumin da aka ba aikin da ba shi da bakin kamawa ajiye shi yake yi da niyyar zai duba, kwana ya zama mako, mako ya zama wata. Daga nan sai kunya ta shigo. Mu kuma ka san halinmu, Bahaushe ba ya iya kallon idon amininsa ya ce masa "ba zan iya ba." Sai ya ce in sha Allahu. Idan ka sake tuntuɓa ba shi da sabon labari, ƙarya kuma ba ya son yi maka, sai ya ga sunanka a waya gabansa ya faɗi, ya bar ta ta gama ƙara. Da yawa daga cikin shirun da kake fassarawa da wulaƙanci nauyinka ne ake ji.

Sannan ina ganin ka ɗauki abokan nan da girman da ba su kai ba. Wanda kuka gama jami'a tare, yau shekara shida ko bakwai yana aiki, a yawancin wurare ƙaramin ma'aikaci ne ko matsakaici. Ba ya zama a inda ake yanke shawarar wa za a ɗauka. A bankuna, ma'aikata masu yawa da kake gani da kwat da lakataye ta hannun wasu kamfanonin kwangila aka ɗauke su, su kansu ba su da tabbas. Ɗaukar sababbin ma'aikata kuma daga hedikwata ake yin ta, da jarrabawa ta kwamfuta, galibi da iyakar shekarun da kai ka riga ka wuce. Na Maiduguri kuwa, tun watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rushe USAID, hukumarta da ke raba wannan tallafin, ƙungiyoyin agaji da dama a arewa maso gabas suka rage ayyuka da ma'aikata. Mai yiwuwa abokinka kwana yake da fargabar takardar sallamarsa. Ƙungiyoyin nan kuma suna da doka mai tsauri a kan ma'aikaci ya cusa nasa, in ma ya san mai neman aikin dole ya bayyana ya janye daga kwamitin tantancewa. Na gwamnati da ke matakin albashi na 8 ko na 9, shi ma sau da yawa sai dai ya wayi gari ya ga sababbin fuskoki a ofis. Ba ina wanke su duka ba ne. A cikin goma ba za a rasa wanda zai iya motsawa amma ya ƙi ba. Sai dai kada ka yanke wa mutum hukuncin rowa a kan abin da ba ya hannunsa.

Abin da ke hannunsu ƙanana ne, kuma su ya kamata ka roƙa. Suna jin labarin gurbi kafin a tallata shi. Sun san sunan wanda ke duba takardu. Suna iya gaya maka irin tambayoyin da ake yi a intabiyu da albashin da ake biya, don kada ka faɗi abin da zai sa a yi maka dariya ko a cuce ka. Suna iya haɗa ka da wani a waya. Saboda haka neman gurbin aikinka ne, nasu shi ne su tura ƙofar da ka riga ka gano. Ga misalin irin saƙon da nake nufi:

"Salam. Na ga wani kamfanin sarrafa shinkafa yana neman mai kula da lissafin sito, ranar Alhamis za su rufe karɓar takardu. Na riga na tura tawa. Na tuna ka taɓa cewa yayan matarka yana aiki a can. In ba zai takura maka ba, ka tambayar mini shi wa ke duba takardun, ko ka tura masa tawa da na haɗo a nan. In kuma da nauyi, wallahi ba komai, ka faɗa mini kawai, ba abin da zai taɓa tsakaninmu."

Wannan aikin minti biyar ne, yana da rana, kuma ka buɗe masa hanyar cewa a'a ba tare da ya ji ya ci amanarka ba. Jimlar ƙarshen nan kada ka raina ta. Mutumin da ya san zai iya ƙi a zauna lafiya shi ne yake ɗaukar waya. Amma in ka rubuta ta, ka tabbata har zuciyarka haka ne. Idan ya ce ba zai iya ba, ka yi masa godiya kamar ya yi, domin wanda ya gaya maka gaskiya da wuri ya fi wanda ya ajiye ka wata uku kana jira.

Abu mafi tsada da za ka iya nema a wurin aboki shi ne sunansa, wato ya shiga ofishin ogansa ya ce, "Na san shi, na tsaya masa." Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta ce wanda ya sa baki a alheri yana da rabo a ciki, wanda ya sa baki a sharri shi ma yana da nasa kason. A ofis ma haka ne. In ka yi kyau an yaba masa, in aka samu giɓi a lissafi shi za a fara kira. Aikin kuɗi ka karanta, ka fi ni sanin cewa wurare da yawa sai an kawo garanto ya sa hannu. Don haka ka sauƙaƙa wa mai tsaya maka. Takardar tarihin karatunka da aikinka kada ta wuce shafi biyu, a gyare, ba kuskuren rubutu, da sunanka a jikin fayil ɗin, ba hoton da aka ɗauka da waya a karkace ba. Kada ka tsaya a "na yi aiki a sashen kuɗi." Faɗi diloli nawa ka riƙe wa lissafi, kayan nawa ke ratsa sitonka a wata, wane bashi ka bi ka karɓo, wace manhaja ka iya bayan Excel. Gaskiya zalla, ba ƙari, domin ƙarin da ka yi shi zai kunyata wanda ya kai ka. Ka kuma rubuta masa layi biyu ko uku game da kai waɗanda zai iya turawa yadda suke, kada ka bar masa wahalar tsara yabonka.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a lamarinka. Mutum goman da ka nema ba su ne suka fi dacewa ba. Abokan makaranta halinka suka sani, ba su taɓa ganin aikinka ba. Waccan baiwar Allah ta Madyana da ta ce mai ƙarfi ne amintacce, abin da ta gani da idonta a bakin rijiya da kan hanya ta faɗa. Su wa suka ga naka? Tsohon manajanka. Abokan aikin da aka sallame ku tare, waɗanda wasunsu sun riga sun samu wani wurin. Masu binciken kuɗi da suke zuwa duba littattafanku a ƙarshen shekara. Jami'in bankin da ke kula da asusun kamfanin. Sama da kowa, dilolin da ka yi shekara huɗu kana lissafi da su, ba ka taɓa cin kwabonsu ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ka ambata a wasiƙarka ba.

A shekarar 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan yadda wasu ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka samu ayyukansu. Ya gano cewa cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, mafi yawa ta hannun mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne, ba aminan da suke tare kullum ba. Dalilin a fili yake, kuma ya shafi Kano kamar yadda ya shafi can. Aminanka inda kake shiga suke shiga, abin da ka ji shi suka ji. Wanda kuke gaisawa sama-sama kuwa yana yawo a wata duniyar da labarinta ba ya iso ka. Akwai kuma sauƙin da na ƙara gani a namu yanayin: tsakaninka da irin wannan mutumin babu nauyin da zai hana shi gaya maka gaskiya, kai ma in bai yi ba ba za ka kwana da ciwon rai ba.

Ka fara da tsohon manajanka. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je ka gaishe shi, ka nemi ya rubuta maka takardar shaida da ke nuna rage ma'aikata aka yi ba laifi ka yi ba, ka nemi izinin sa lambarsa a takardarka, sannan ka tambaye shi wa ya sani da ke buƙatar irinka. Duk wanda ka zauna da shi, kafin ka tashi ka ce, "Wa kake ganin ya kamata in gani?" Suna ɗaya ya ishe ka. In ka je wurin wancan ka ce wane ne ya turo ka, ka riga ka wuce matsayin baƙo.

Dilolin nan kuma ka dube su da idon basira. A Singa da Dawanau da Kwari akwai 'yan kasuwar da kuɗin da ke ratsa hannunsu a wata ya fi na wasu kamfanoni masu allo a bakin titi, amma lissafinsu yana cikin littafi ɗaya da ƙwaƙwalwar Alhaji. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, suna ƙara matsa wa masu kasuwanci su riƙe rubutaccen lissafi. Haka makarantun kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu, da gidajen mai, da masana'antun shinkafa. Kana iya ce wa dila guda, "Alhaji, ba ni wata ɗaya in daidaita maka lissafin kaya da na bashi, in ka ga amfaninsa mu yi magana." In ka riƙe wa mutum uku ko huɗu littafi, ka samu na cefane, ka kuma samu amsar da za ka bayar ranar da aka tambaye ka a intabiyu me kake yi tun da ka bar wancan wurin. Na san bayan digiri da ofis mai sanyi, zaman shago zai yi maka nauyi da farko. Ni dai a wurina ya fi fitar da kake yi kowace safiya zuwa inda ba kowa ke jiranka ba. In kana da rajista da ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Nijeriya, ko kana kan rubuta jarrabawarsu, ka riƙa halartar tarukan reshensu, domin a can manyan sana'arku suke haɗuwa.

Fitar nan ta safe ta tsaya mini a rai, ƙanina. Kana kashe kuɗin mota da ba ka da su don ka kare wani sirri da yake cutar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yaya wanda yake zaton kana da aiki zai tuna da kai in ya ji labarin gurbi? Mai yiwuwa a cikin watannin nan an yi maganar neman akanta a gaban surukinka ko wani ɗan'uwan matarka, ya yi shiru saboda a saninsa kana da wurinka. Ku yi shawara da matarka, wadda ta rufa maka asiri duk tsawon lokacin nan, Allah ya saka mata da alheri, ita ma nauyin ɓoyon yana kanta. Sannan ka je ka sami mahaifinta kai da kanka, ka ce, "Baba, kamfaninmu ya rage ma'aikata tun bara, abin ya shafe ni. Nauyi ne ya hana ni faɗa. Ina kan nema, ina neman addu'arku." Dattijo ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ya ji daga bakinka ya fi ya tsinta a gari, kuma in ka ƙara jinkiri a garin zai tsinta.

Majalisa ma ka koma. Zumunta a ƙafa take, wanda ya ɓace daga ɗaurin aure da suna da jana'iza mantawa ake yi da shi, ba da mugunta ba. Ka faɗa musu halin da kake ciki sau ɗaya, a sarari, da irin aikin da kake nema, daga nan ka koma hirar da kuka saba. Kada kowace gaisuwa ta zama shimfiɗar maganar aiki, domin mutane suna ganewa, kuma shi ne yake sa a fara kauce wa mutum. Kada kuma ka haɗa neman hanya da neman rance a wurin mutum ɗaya. In ka ci bashin wani, ka bar shi a matsayin mai bin ka bashi har ka biya. Wanda kake so ya kai sunanka gaban ogansa bai kamata ya riƙa tunanin dubu ashirin ɗinsa ba duk lokacin da ya ga kiranka.

Batun tuni, in ka nemi abu takamaimai ka bari a yi kwana goma ko mako biyu, sai dai in ranar rufewa ta matso. Ka tuna masa sau ɗaya, a taƙaice. In ya yi shiru, ka ɗauka amsa ce, ka wuce gaba ba tare da gori ko habaici a shafinka na Facebook ba.

Amininka kuwa kada ka fita harkarsa. Abotar da ta faro tun sakandare ba a zubar da ita a kan saƙon da ba a amsa ba. Kai za ka kwance ƙullin, domin kai ka san inda aka ɗaura shi. Tura masa saƙo ko ka bari ya zo gida hutu ka same shi, ka ce, "Wane, na gane abin da na ɗora maka ba ya hannunka, na sauke maka. Ni abotarmu nake so. Ya iyali?" Daga nan ka yi makonni ba ka tayar da zancen ba. Ina kyautata zaton za ka ga ya saki jiki, wataƙila ma ya gaya maka abin da shi yake ciki wanda ba ka sani ba. Idan kun dawo daidai, akwai tambayar da amini kaɗai ake yi wa, kuma tana buƙatar ƙarfin zuciya: "Tsakaninka da Allah, akwai wani abu a takardata ko a halina da zai sa mutum ya yi jinkirin kai sunana?" In ya faɗa, kada ka kare kanka, ka saurara. Wanda ya zauna ɗaki ɗaya da kai shekaru ya san abin da masu intabiyu za su gani su ƙi gaya maka.

Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ce wa abokin zamansa na kurkuku ya ambace shi a wurin ubangidansa. Mutumin ya fita ya manta, Yusuf ya ƙara shekaru a tsare. Ranar da ya dawo da mafarkin sarki yana neman fassara, Alƙur'ani bai kawo mana kalmar gori ko ɗaya daga bakin Yusuf ba. Ya ba shi amsa, kuma ta hannun wannan mai mantuwar ƙofar ta buɗe. Idan kuwa bayan ka sauke masa nauyin amininka ya ci gaba da gudunka, to ka san matsayinka a wurinsa ya canja. Ka rage tsammani, ka riƙe sallama da gaisuwar iyayensa, ka bar sauran ga lokaci. Zai yi ciwo, ban ce ba zai yi ba.

Saura ofa. Kada ka saya. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan badaƙalar sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, mutane suka zo gabansa suka ba da shaidar sun biya kuɗi masu yawa, amma ga su nan ba a tura su wurin aiki ba. Waɗannan su ne suka samu bakin magana. Wanda aka ba takardar bogi, ko aka ce ya jira sunansa ya fito har dillalin ya canja lamba, yawanci haɗiye abinsa yake yi, domin in ya kai ƙara shi ma ya amsa cewa cin hanci ya bayar. Wannan ne ya sa sana'ar take ci: mai sayarwa ya san ba za ka iya kuka da ƙarfi ba. Ko da ofar ta gaske ce, duk ranar da aka zo tantance ma'aikata aka ga ba ta bi ƙa'ida ba, kai za a cire, wanda ya karɓi kuɗinka yana gidansa. Yi lissafin da kanka, kai akanta ne: albashin sabon ɗauka, a cire abinci da haya da kuɗin mota, wata nawa za ka yi kafin ka tara miliyan biyu, kuma a lokacin nawa filin zai kai? Fili a Kano ba ya jiran mai albashi.

Za ka ji masu cewa lalura ce, kowa haka yake yi. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Gurbin nan kuma ba wani haƙƙinka ba ne da aka danne kake ƙoƙarin ƙwatowa, na duk wanda ya cancanta ne, har da wanda ba shi da filin sayarwa. Ka lura da bambancin da ke tsakanin wannan da abin da muka yi ta magana a kai. Wanda ya tsaya maka don ya san aikinka ya sa sunansa a kanka, zai so ka yi kyau. Wanda ya sayar maka da gurbi ba ruwansa da kai daga ranar da kuɗi suka shiga asusunsa.

Wanda ya kawo maka tayin ka ce masa ka gode, ba ka da hali, kada ka tsaya jayayya da shi. In ya dawo ya ce an rage, ko ka ba da rabi sauran sai takarda ta fito, ko gobe za a rufe, amsarka ɗaya ce. Sannan ka je ka gaya wa Hajiya abin da ka so yi da filin, ka kai mata takardunsa ta ajiye a wurinta, don kada wani dare da abin duniya ya ishe ka ka yanke shawara kai kaɗai.